Lanzarote: igiyar ruwan da wasu ke biyan kuɗi su hau

Tsibirin Lanzarote na ƙasar Sifaniya yana da nisan kilomita kusan 125 daga gaɓar Maroko. Aman wutar duwatsu ne ya gina shi, kuma daga 1730 zuwa 1736 wutar ta yi ta malala tana binne ƙauyuka.

Baƙin dutsen da ya daskare a ƙarƙashin teku shi ke tayar da igiyar ruwa. Daga Oktoba zuwa Maris, guguwar arewacin Atlantika kan turo manyan igiyoyi, sai masu sululu a kan allo su yi dafifi. Ƴan koyo sukan nufi Famara, inda akwai rairayi, faɗuwa ba ta da zafi. El Quemao kuwa, kusa da ƙauyen La Santa, sai gwanaye: ruwan ba zurfi, dutsen ƙasa kamar wuƙa.

Wannan gaɓa ce kuma kwale-kwalen baƙin haure ke nufa, ba su san ina dutse yake ba. A Fabrairun 2009 wani ya kife a Los Cocoteros, dab da tudu. Mutum 25 suka rasu, akasarinsu yara. Shida da suka tsira, wani mai sululu ne ya shiga da allonsa ya jawo su.