Yadda manoman Gaya da Ajingi za su iya tsallakar da irin dankali daga kaka zuwa damina

Da zarar an kammala girbi a ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano, gero da dawa kan shiga rumbu, wake da gyaɗa kuma su shiga buhu. Manomi kan ware irinsa daga ciki, ya ɗaure, ya jira damina hankali kwance. Mai noman dankalin Hausa ba shi da wannan sauƙin, domin ba ƙwaya ake shukawa ba, ɗanyen yaɗonsa ake yanka a dasa a kan kunya, shi kuwa ɗanyen yaɗo ba ya zama a rumbu.

A wannan yanki ruwan sama kan ɗauke a farkon Oktoba, ba ya kankama sai wajen Yuni. Cikin waɗannan watanni yaɗon da ya rage a gona kan bushe, wanda bai bushe ba kuma dabbobin da aka saki bayan girbi su cinye shi. Idan damina ta faɗi, manomi yakan wayi gari da gona da ƙarfin aiki, amma babu abin dasawa.

Me ya sa batun ya wuce na gona kawai?

Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi noman dankali a duniya, inda alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke nuna tana samar da kimanin tan miliyan 4 a shekara. Dankali kan nuna cikin wata uku zuwa huɗu. Wanda ya dasa da ruwan farko zai fara haƙa a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa. Wanda ya makara sai ya sha wannan tsadar babu abin ragewa.

Hanyoyi biyu aka saba bi. Ta farko ita ce a raya yaɗon a fadama ko bakin rijiya, ana ba shi ruwa duk tsawon rani. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin tayar da injin ban-ruwa ya ninka, kuma ba kowa ke da fili a fadama ba. Ta biyu ita ce a jira ragowar dankalin da ya tsere wa haƙa ya tsiro da kansa bayan ruwan farko, sannan a yanki yaɗonsa. Wannan ba ta cin kuɗi, amma tana cinye makonni daga daminar da dama gajeriya ce.

Dabarar yashi

Akwai hanya ta uku: a ajiye dankalin kansa a matsayin iri. A ƙasashe masu sanyi kamar Ingila, masu lambu kan tono tushen furen begoniya kafin ƙanƙara ta sauka, su busar da shi, su binne a busasshen yashi har sanyi ya wuce. Su sanyi suke gudu, mu fari muke gudu, amma hikimar ɗaya ce: tushe yana iya barci a wuri busasshe, ya farka idan ya ji laima.

Cibiyar Binciken Dankali ta Duniya, CIP, mai hedikwata a Lima ta ƙasar Peru, ta gwada wannan dabara a Tanzaniya da Yuganda, ta sa mata suna Triple S, daga baya kuma aka kai ta Habasha da arewacin Gana, inda rani ke da tsawo kamar namu.

Aikin yana farawa tun a gona. Ana zaɓar dankali daga shukar da ganyenta bai nuna cuta ba, a haƙa shi a hankali, domin duk inda fartanya ta yanka nan ruɓa ke shiga. Matsakaici ake so, wanda hannu zai iya riƙewa, domin ƙanana kan ƙafe kafin lokaci. Duk wanda aka ga ƙwaro ya huda, ko da rami ɗaya ne, a fitar da shi. Wannan ƙwaro, da ke bi ta tsagar ƙasa ya shiga dankali ya sa shi ɗaci, yana iya hayayyafa a cikin ma'aji ya lalata sauran.

Ba a wanke dankalin da za a ajiye. Ana barin sa 'yan kwanaki a inuwa, a wuri mai ɗumi, fatarsa ta yi ƙwari, ƙananan raunuka su warke. Daga nan a sami babbar roba ko kwano, a shimfiɗa takarda, a zuba busasshen yashi mai tsabta wanda ya huce daga zafin rana. A jera dankalin ba tare da wani ya taɓa wani ba, a rufe da yashi, a sake jera wani sahu, a ƙare da yashi mai kauri a sama. Sai a kai shi cikin ɗaki, nesa da murhu, ɓeraye da kaji.

Hunturu da bazara

Yanayin Kano na da tarko biyu. Dankali ba ya jure sanyin da ya yi ƙasa da digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, cikinsa kan lalace, kuma daren hunturu a Disamba da Janairu kan kai nan. Shi ya sa ɗakin ƙasa ya fi tsakar gida. A Maris da Afrilu kuwa zafi kan haura digiri 40, wanda ke sa dankali saurin tsiro da ƙafewa, musamman a ƙarƙashin rufin kwano. Saboda haka ake buɗe ma'ajin sau ɗaya a wata, a fitar da wanda ya ruɓe, a karye tsiron da ya yi tsawo tun lokaci bai yi ba.

Idan ya rage mako 6 zuwa 8 ruwa ya sauka, wato wajen tsakiyar Afrilu, sai a fito da dankalin a binne shi a ɗan fili kusa da gida, a kewaye da ƙaya ko dangar kara saboda awaki, a riƙa ba shi ruwa sau biyu a mako. Kafin damina ta kankama ya yi yaɗo. A yanka mai tsawon kamar santimita 30 a kai gona, a bar tushen ya sake tofo domin yanka na biyu.

Inda hukuma ta shigo

Dabarar ba ta buƙatar mai ko wutar lantarki, amma tana buƙatar ruwa a Afrilu da Mayu, lokacin da rijiyoyi suka fi yin ƙasa, kuma tana buƙatar wanda zai nuna ta a aikace. Wannan aikin malaman gona ne, waɗanda a Kano ke ƙarƙashin hukumar KNARDA.

Akwai kuma batun ingancin iri. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a Jihar Abiya ta fitar da dankali mai jan ciki irin su King J da Mother's Delight, masu ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ƙarancinsa ke cutar da idanun yara. Aikin yaɗa irin wannan dankali na cikin abin da ya ci kyautar abinci ta duniya a 2016. Sai dai ko an raba yaɗonsa a ƙauye, idan ba a koya wa manomi tsallakar da shi rani ba, shekara ɗaya zai yi ya ɓace.

A Yulin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan wadatar abinci, kuma tun daga nan maganar taki da taraktoci ce ta fi cika kunne. Matasan Gaya da Ajingi na da damar ƙara tambaya biyu ga shugabannin ƙananan hukumominsu da kansilolinsu: malaman gona nawa ke zuwa mazaɓarsu a lokacin girbi, kuma rijiyoyin burtsatse nawa ke ba da ruwa a watan Afrilu?