'Yan Rakiyar Furotin: Yadda Bakteriya Ke Jure Zafi

Kowa ya san abin da ke faruwa idan aka fasa ƙwai a kasko mai zafi: ruwan nan mai yauƙi yakan daskare, ya yi fari, ba ya kuma komawa yadda yake. Dalili kuwa, farin ƙwai cike yake da furotin, shi kuwa furotin tamkar dogon zare ne da aka naɗe bisa wani tsari na musamman. Idan zafi ya tsananta, sai naɗin ya warware, zaruruwan su sarƙe, su dunƙule. Irin wannan haɗari ne ke fuskantar ƙwayar bakteriya, domin furotin ne ke gudanar da kusan dukkan ayyukan rayuwarta.

A shekarar 1962 wani masani ɗan ƙasar Italiya, Ferruccio Ritossa, ya lura cewa zafi yana tada wasu ƙwayoyin gado a jikin ƙudan 'ya'yan itace. Daga baya aka gane cewa waɗannan ƙwayoyin gado suna sa a ƙera wasu furotin masu kare 'yan'uwansu, kuma har bakteriya tana da irinsu. Masana suka laƙaba musu suna 'yan rakiya, domin kamar masu raka amarya suke: ba su ne amaryar ba, amma su ke tabbatar da ta isa ɗakinta lafiya.

Ga misali bakteriyar E. coli, wadda ke zaune a hanjin ɗan Adam, inda zafi yake digiri 37 a ma'aunin Selshiyas. Da zarar zafi ya kai 42, cikin 'yan mintoci sai ta ƙara yawan 'yan rakiyarta. Wanda ake kira DnaK yakan riƙe zaren da ya warware, ya hana shi mannewa da wani. GroEL kuwa siffar tulu gare shi, zobe biyu ne a haɗe, kowanne mai sassa 7. Yakan shigar da zaren ciki, GroES ya rufe bakin kamar murfi, zaren ya sake naɗuwa shi kaɗai cikin daƙiƙa kamar 10. Waɗanda suka riga suka dunƙule kuwa, ClpB ne ke zare su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai darasi a nan ga mai girki. Bakteriyar da ta ɗanɗana ɗumi-ɗumi tukuna ta riga ta tara 'yan rakiya, saboda haka ta fi jure zafin da zai biyo baya. Amma kāriyar tana da iyaka. Shi ya sa masana'antun madara ke ɗumama ta zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15. Haka nan abincin da ya kwana, ba ɗumi yake bukata ba, sai dai ya yi zafi sosai har tsakiyarsa.