Hanyar da Mai Keke Zai Bi Daga Anka Zuwa Gummi

 Yau maganar keke za mu yi da maganar hanya. Daga nesa za mu ɗauko ta, sannan mu sauke ta a gida, yammacin Zamfara.

A ƙasar Sifaniya akwai larduna irin su Teruwel da Soriya da mutane suka yi ƙaranci ƙwarai, har ba a samun mutum 10 a kowane murabba'in kilomita. Tun shekarun 1950 matasa suka yi ta kwarara birane neman aikin masana'antu, aka bar ƙauyuka da tsofaffi da gidaje a garƙame. Abin ya ishe su, har a ranar 31 ga Maris 2019 dubban mutanen karkara suka cika titunan Madrid suna kukan an manta da su. Sai dai wannan ƙarancin jama'a ya buɗe musu wata kasuwa, domin mahaya keke daga Jamus da Holan da Ingila suna biyan kuɗi su zo neman hanyar da mutum zai daɗe yana tuƙi bai ji ƙarar mota ba. A 1993 ƙasar ta fara mayar da layukan dogo da aka daina amfani da su hanyoyin keke da tafiyar ƙasa, aka sa musu suna Korayen Hanyoyi, kuma yau tsawonsu ya haura kilomita 3,000. Ɗaya daga cikin mafiya tsawo, ta Ohos Negros, asalinta layin jigilar tama ne daga mahaƙar Teruwel zuwa bakin teku kusa da Balensiya, wanda aka rufe a 1972. Wasu tsofaffin tashoshin jirgi a kan irin waɗannan hanyoyi sun koma masauki da wurin cin abinci, kuma dokar ƙasar ta tilasta wa direba ya bar tazarar mita ɗaya da rabi in zai wuce mai keke.

To, abin da Bature ke hawa jirgi ya je nema, mutumin Anka da Bukkuyum da Gummi ya tashi ya tarar da shi a ƙofar gida. Hanyar da ta tashi daga Anka ta nufi yamma, ta ratsa ƙasar Bukkuyum ta Nasarawar Burkullu, ta bi ta Ɗaki Takwas inda ake karkata zuwa Zuru, ta isa Gummi, tafiya ce ta kusan kilomita 100 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, babu hawan da zai karya gwiwa. Gulbin Zamfara na tafe tare da ita a kan hanyarsa ta zuwa ƙasar Kabi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an yanke gero an karya dawa, iska na da sanyi, fadama ta yi kore shar da albasa da shinkafar rani, ga giginya da kuka da ɗorawa tsaye a gonaki. Wanda ya fita bayan sallar asuba zai ci rabin tafiyar kafin rana ta take. Kuma ba sabon abu ba ne a nan: malamin firamare da ma'aikacin gona da ɗan koli duk a kan kekunan Rali da Fonis suka karaɗe waɗannan ƙauyuka shekara da shekaru, tun babur bai zama ruwan dare ba.

Sai dai kowa ya san dalilin da hanyoyin nan suka yi tsit a yau. A Teruwel mutane sun tashi ne don neman albashi, sun kulle gida sun tafi da mabuɗi. A Anka da Bukkuyum bindiga ce ta tashe su. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan ƙananan hukumomin biyu, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai 200. Garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira. Akwai ƙauyukan da sai sun biya ɓarayin daji haraji kafin su yi shuka, su sake biya kafin su yi girbi. Duk da haka ra'ayinmu shi ne maganar hanyar keke a yammacin Zamfara magana ce ta yanzu, domin mai keke shi ne ma'aunin da ya fi kowane gaskiya wajen gane ko hanya ta dawo hannun jama'a, kuma shi ne matafiyin da ya fi barin amfani a ƙauyen da ya ratsa.

Wani zai ce, haba malam, ana ta rai wa ke ta yawon buɗe ido? Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce wa wani ya hau keke gobe ya nufi ƙauyen Bagega don shan iska. Amma a duba yadda ake auna tsaro a yanzu. Babban mutum ya wuce da jerin gwanon motoci, sojoji gaba, askarawa baya, ya isa lafiya, sai a ce hanya ta gyaru. Wannan ya nuna cewa mai rakiya na iya wucewa, iyakarta ke nan. Mai mota ma yana da gudu, in ya hangi abin da bai gamsu da shi ba sai ya juya. Mai keke ba shi da ko ɗaya. Tafiyarsa kilomita 12 zuwa 15 ce a awa, ana hango shi tun daga nesa, ba ya iya tsere wa kowa, in ya tarar da rairayi sai ya sauko ya tura. Saboda haka ranar da aka ga dattijo ya ɗaure buhun gero a kariya ya fita shi kaɗai daga ƙauyensa zuwa kasuwa, ya dawo bayan la'asar da kuɗinsa a aljihu, kuma iyalinsa ba su yini da fargaba ba, ranar ce za a iya cewa an karɓo hanyar. In da hukumomi za su ɗauki wannan a matsayin abin da ake son cimmawa, da aikin tsaro ya sauka daga babban titi ya shiga hanyoyin da ke haɗa ƙauye da ƙauye, inda ake tare mutane a kullum ba tare da labarin ya kai rediyo ba.

Akwai kuma darasin Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka taƙaita zirga-zirgar babura. An yi haka ne don a toshe wa 'yan bindiga numfashi, tunda babur da mai su ne ƙafafunsu, amma talaka ma ya ji a jikinsa. Abin hawan da dokar ba ta shafa ba, wanda kuma rashin mai bai tsayar ba, shi ne keke.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko zurfi a zukata, ko da yake ba a cika faɗinsa a fili ba: keke abin hawan marar hali ne, saurayin da ya samu kuɗi babur ƙirar Boksa yake saya, ba wanda zai koma baya. Gaskiya ne babur ya fi ɗaukar kaya da sauri, kuma mace mai naƙuda da za a kai asibitin Gummi ba keke take buƙata ba. Amma tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 lissafi ya sauya, kuɗin kabu-kabu ya fi ƙarfin ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci. Sannan a lura da inda kuɗin kowannensu ke tafiya. Na mai babur gidan mai yake ƙarewa, daga nan ya bar yankin. Mai keke kuwa dole ya tsaya. Zai sha fura a wannan gari, ya ci ƙosai a na gaba, ya yi sallar azahar a wani. In ƙaya ta huda masa taya, ga mai faci a gindin bedi da tasar ruwa a gabansa, zai zaro tiyub ya hura, ya riƙa tsoma shi kaɗan-kaɗan har kumfa ta tona inda hujin yake, ya goge wurin, ya shafa gam, ya manna, ya jira ya kama, suna hirar farashin dawa. Wannan tsayawar ita ce dukan sirrin da mutanen Sifaniya suka gano: matafiyi mai saurin wucewa ƙura kawai yake bar wa ƙauye, mai tafiya a hankali shi ke ciniki.

Na uku su ce, wa zai zo, kuma me zai gani? Ba Turawa ake jira ba. 'Yan makarantun Gusau da Sakkwato da Birnin Kabi sun isa, da 'ya'yan yankin da ke aiki a Kaduna da Abuja, waɗanda yaransu ba su taɓa ganin gulbin da kakanninsu suka yi su a ciki ba. Abin gani kuwa yana nan jibge. Anka ce mazaunin Sarkin Zamfara, sarautar da ta yi ta ƙaura daga gari zuwa gari bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, har ta zauna a nan a ƙarni na 19. A ƙasar Zamfara Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi tun kafin jihadi. A Gummi ga fadar Sarkin Mafara, ga gulbi da masunta da masu fito. Kuma bai kamata a ɓoye ɓangaren da ke da ɗaci ba. A 2010 gubar dalma daga dakan duwatsun zinari a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a ƙasar Anka da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka sauya ta, Bagega ma ba a kai ga tsabtace ta ba sai 2013. Ɗalibin kiwon lafiya da ya tsaya a waɗannan garuruwa ya ji daga bakin iyayen da abin ya shafa zai koyi abin da allo ba zai ba shi ba. Mutanen Teruwel ba su share tarihin mahaƙarsu ba, a kan layinta suka shimfiɗa hanyar.

Mu ba mu da tsohon layin dogo a wannan yanki, wanda ya shigo Zamfara a Ƙauran Namoda ya tsaya, can gabas. Abin da muke da shi hanyoyin kasuwa ne da burtali da gaɓar gulbi, kuma tun ran gini ake zane. Duk kwangilar gyaran titin Anka zuwa Gummi da za a bayar, a sa mata kafaɗa mai faɗi da kwalta, yadda mai keke da mai amalanke ba za su riƙa faɗawa rami ba in babbar mota ta taho. A dasa itatuwan inuwa a gefenta, domin zafin Afrilu a nan yana haura digiri 40. A yi gadoji a mashigai: a Satumban 2024 kwalekwale ya kife kusa da Gummi da manoma masu haye gulbi zuwa gona, aka yi asarar rayuka masu yawa, kuma gadar da za ta ɗauki mutum da kekensa da jakinsa ba ta kai tsadar ta tirela ba.

Aikin da ya fi gaggawa kuwa ba ya buƙatar kwalta ko kaɗan. Dattawan da suka san wace hanya ce ke zuwa wane kufai, ina ne mashigin da ba ya cin mutum da damina, wace rijiya ce ba ta ƙafewa, da yawansu yanzu suna zaman hijira a Anka da Gummi da Gusau, kuma shekaru na tafiya da su. Masarautun Anka da Bukkuyum da Gummi da malaman tarihi na jami'o'in Gusau da Sakkwato za su iya zama da su tun yanzu, a ɗauki muryoyinsu, a zana taswirar kowace hanya da sunan kowane zango, a ajiye kwafi a fada da makarantu.