Kwatano: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ya Zauna Cin Abincin Maroko

Duk ɗan kasuwar da ya saba zuwa Kwatano fiton kaya ko sayen mota ya san inda zai ci ya ƙoshi: Zango, wurin tuwo da miya da balangu. To amma akwai ranar da wakilin da ke fitar masa da kwantena daga tashar jiragen ruwa, ko ma'aikacin banki, ko mai sayar masa da kaya zai ce, Alhaji, yau ni zan ciyar da kai. Sau da yawa irin wannan gayyata takan ƙare ne a gidan abincin mutanen Maroko, domin mai gayyatar yana ganin nan ne Musulmi zai saki jiki ya ci. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa 'yan'uwanmu na Jibiya da Illela da Maigatari da Ƙonni da Maraɗi bayanin abin da za su tarar, tun da Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Da farko dai, ba banza ba ake ƙara ganin mutanen Maroko a waɗannan garuruwa na bakin teku. Tun 2010 wani bankin Maroko ya mallaki kaso mafi tsoka na Bank of Africa, a 2012 wani ya shiga Banque Atlantique, a 2015 kuma kamfanin sadarwa na Maroc Telecom ya sayi Moov a Benin da Togo da Nijar. Kifin gwangwani na Titus da muke sayarwa a shagunanmu daga can yake zuwa. Inda kuɗin mutum ya je kuwa, tukunyarsa takan bi shi. Kuma hulɗarmu da su ba ta yau ba ce. Jar fatar akuyar Sakkwato da Maraɗi da fatake ke ƙetarawa da ita Sahara ita ce Turawa suka riƙa kira fatar Maroko, ga mazhabar Malikiyya da ta haɗa mu, ga kuma jama'armu da ke zuwa ziyara birnin Fas.

Idan aka zauna, abin da aka fi kawowa shi ne tajin. Asali sunan tukunyar ne, wata kasko ce ta ƙasa mai murfi dogo kamar malfa. Ana jera nama da albasa da kayan lambu a ciki a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, tururi ya hau murfin ya dawo ruwa ya sauko, har naman ya yi laushin da yatsa ma zai raba shi. Akwai na kaza da zaitun da lemon tsami da aka jiƙa a gishiri, akwai na rago da busassun 'ya'yan itace masu zaƙi kamar dabino. Wanda bai saba cin nama da zaƙi ba sai ya faɗa tun kafin a kawo. A kuma lura, a cikin tukunyar ake kawo shi yana tafasa, kada a yi garajen kai hannu.

Sai kuskus, wanda ɗan'uwan dambu ne da burabusko. Tsakin alkama ne ake turarawa a madambaci sau biyu ko uku, a zuba masa kabewa da karas da kabeji da nama. A can Maroko abincin ranar Juma'a ne bayan an sauko daga masallaci, saboda haka wasu gidajen sai ranar suke dafa shi. A 2020 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya da sunan Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Muritaniya. Akwai harira, romon tumatir da wasu irin wake da ɗan nama, wanda da shi suke buɗa baki da azumi. Mutanen Nijar kuwa ba sai an gabatar musu da meshuwi ba, wato gasasshen rago. Da yake garin bakin teku ne, ana samun kifi ɗanye na ranar, a shafe shi da tafarnuwa da ganye da lemo a gasa. Abincinsu ƙamshi gare shi, citta da masoro da kirfa da za'afaran, amma babu zafin barkono irin namu. Mai son yaji sai ya roƙa.

Ladabin cin nasu bai yi nisa da namu ba. Ana wanke hannu, a yi bismilla, a ci da dama, kowa ya ci gabansa. Burodi shi ne cokali, da shi ake dangwalar romo. Naman yana tsakiya, kuma mai gayyata ne ke raba shi ya turo wa baƙo, don haka ba a fara kai masa hannu. A ƙarshe sai shayi: koren ganye na ƙasar Sin da na'ana'a da sukari mai yawa, a ɗaga buta sama a tsiyayo har ya yi kumfa. Ƙin karɓar kofin farko ba ya yi musu daɗi. Mai ciwon sukari sai ya nemi a dafa masa nasa daban.

Yanzu ga inda muke son a buɗe kunne. Sunan Maroko a jikin allo ba shaidar halal ba ce. Wani gidan mai shi ba ya ma garin, masu dafuwar kuma 'yan ƙasa ne. Mu da ke wannan sana'a mun fi kowa sanin yawan daskararrun kaji da suka riƙa sauka a tashar Kwatano daga Turai da Barazil. Saboda haka a tambaya: kazar nan ta gida ce ko ta kwali? Ragon wa ya yanka? Yawancin masu gidan ba sa jin haushin wannan tambaya, in kuwa amsar ba ta gamsar ba, ga kifi nan. Haka kuma wasu gidajen suna sayar da giya, domin a Maroko ma ana yin ta a yankin Maknas. Kallo ɗaya za a yi wa takardar abin sha a gane.

Na biyu shi ne kuɗi. A duba farashi a takarda kafin a ce a kawo, a kuma tambaya ko harajin TVA, wanda a Benin kashi 18 cikin 100 ne, yana ciki. Ƙananan faranta na zaitun da ganye da ake jerawa tun kafin a nema, wani wuri kyauta ne, wani wuri suna cikin lissafi. Tajin ɗaya babba yakan ishi mutum biyu. A al'adarsu wanda ya yi gayyata shi ke biya, to in kai ka kira mutane, ka san nauyin aljihunka da sefa kafin ka zauna.

Na uku, kuma mafi girma, shi ne cinikin kansa. Wannan abinci ba na mai sauri ba ne, zama ɗaya yakan ci awa biyu. Mutanen Maroko sukan fara da gaisuwa da tambayar iyali, maganar kuɗi sai wajen shayi. Dama ce ta karantar mutum, a ji yadda yake magana a kan abokan hulɗarsa na baya, a ga yadda yake yi wa yaran gidan. Amma a nan ne kuma kunya ke kama mutum, ciki ya cika, baki ya yi nauyin cewa a'a. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Shawararmu ita ce a ci, a yi godiya, a saurara, amma kada a ba da kafin alƙalami ko a sa hannu a takarda a kan teburi. Kuɗin fito da na duwan da na ajiya a tasha, a bari sai da safe a ofis, takardu a gaba, tare da wanda ya iya Faransanci kuma aka amince da shi. Mutumin kirki ba zai ƙi jiran kwana ɗaya ba, wanda ya matsa lallai sai a daren kuwa ya riga ya faɗa maka ko shi wane ne.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya mai da kowa gida lafiya.