Ƙaura Zuwa Ƙaramin Gari: Jan Hankali Ga Mai Aiki Daga Gida

Tun shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe ofisoshi, ma'aikata da dama suka saba yin aikinsu daga gida ta hanyar kwamfuta. Saboda tsadar haya a Legas da Abuja, waɗansu suna shawarar komawa garuruwa irin su Bida, ko Azare, ko Jalingo. Kafin mutum ya ɗaure kaya, wajibi ne ya lura da abubuwa uku.

Na farko, wutar lantarki. An kasa masu amfani da ita rukuni biyar, daga A zuwa E. An tsara rukunin A ya sami aƙalla awa 20 a rana, rukunin E kuwa awa 4. A binciki rukunin unguwa tukuna, sannan a biya kuɗin haya.

Na biyu, intanet. A je gidan da ƙafa, a gwada layuka biyu, da rana da kuma dare.

Na uku, haraji. Bisa doka, jihar da ma'aikaci yake zaune ita ke da harajin albashinsa, ba jihar da ofishinsa yake ba. Saboda haka a sanar da wurin aiki sabon mazauni a rubuce.

Wanda ya kiyaye waɗannan, ƙaura ba za ta taɓa hanyar cin abincinsa ba.