Sharar Gida Kashi Uku Ce

Dattawan Gwammaja sun ga zamanin da shara take da masu nemanta. Manoman ƙauyukan da ke kewaye da Kano sukan shigo birni da jakuna ɗauke da itace da kara, su koma da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar tsakar gida. Wannan takin ne ya sa gonakin karkarar Kano suke ba da amfani shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba.

Leda ce ta ɓata wannan tsari. Ɓawon rogo ko ganyen da aka ƙunshe alala a ciki, da zarar ya samu danshi, ƙananan halittun da ke cikin ƙasa za su cinye shi, ya koma taki. Leda kuwa daga man fetur ake yin ta, kuma waɗannan halittu ba sa iya cin ta. Rana takan farfasa ta, ta yi gutsi-gutsi, amma tana nan. In ta je gona, sai ta tare saiwa ta hana ruwa ratsa ƙasa. In akuya ta ji ɗanɗanon mai ko gishiri a jikinta ta haɗiye, sai ta cunkushe a tumbi, dabba tana ci tana ramewa. Duk mahaucin da ka tambaya zai ba ka labarin abin da yake cirowa.

A lungu ɓarnar ta fi muni. Ledar fiya wata ƙwaya ɗaya ba ta toshe kwata, amma takan kama yashi da tsumma, su kuma su kama wata ledar, har ruwa ya rasa hanyar gangarawa. Ruwan da ya kwanta, cikin kwana goma ko ƙasa da haka sauro ya ƙyanƙyashe a cikinsa. Ga shi kuma ruwan yana jiƙa gindin katanga, wanda a gidan ƙasa shi ne mafarin rushewa in ruwan Agusta ya kankama. Masu cinna wa shara wuta da magariba ba su tsira ba, domin hayaƙin roba guba ne, yara da masu asma ne kuma suka fi shan wahalarsa.

Gyaran yana farawa ne tun kafin shara ta bar tsakar gida, a raba ta uku. Ragowar abinci da ɓawo na dabbobi ne, kashinsu da toka a tara a buhu domin mai gona ko lambu. Gwangwani da ƙarfe da tsofaffin robobi na 'yan gwangwan ne, su auna su biya. Abin da ya rage ne kawai zai tafi bola, kuma za a ga ba shi da yawa. Sharaɗin shi ne kada a cakuɗa: da ruɓaɓɓen abinci ya haɗu da leda, manomi ba ya so, mai saye ma ba ya so.

Sai rage shigo da leda. Yaron da aka aika sayen koko ko wake da shinkafa ya tafi da kwano, mai cefane ya riƙe jaka ko kwando. A nan ina ganin ba a yi wa uwargida adalci ba da ake ɗora mata laifin ƙazanta, alhali maigida ne yake shigowa kullum da ledoji biyar, tumatir daban, attaruhu daban.

Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mu a Kano muna da hukumar kwashe shara ta REMASAB da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, amma motar shara ba ta shiga lungu, kuma yini ɗaya ba ya kwashe tarin wata guda. Maigida, gobe in za ka fita cefane, ɗauki jakarka daga gida.