Tsohon Bais Mai Juyawa: Kafin Ka Biya, Kankare Fentin

A shekarar 2009 na sayar wa ɗan maƙwabcina bais, kuma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Yaron ya gama koyon gyaran babur ke nan a unguwar Yelwa, nan Garwa, ubansa ya sayar da raguna biyu don ya kafa masa rumfa. Ya zo shagona ya ce, "Alhaji, ga ɗanka nan, ka zaɓa masa mai kyau." Na ɗauko wani mai juyawa da na saya a hannun dillali, shuɗin fenti sai ƙyalli yake, ga sunan kamfanin Ingila a jiki. Kwana tara ya yi a kan tebur. Ran na goma yaron na cikin matse wani ƙarfe, sai muƙamuƙin baya ya ɓalle ya faɗo dab da ƙafarsa. Da muka duba, ashe tsohon tsagu ne aka yi wa walda sama-sama, aka shafe da foti irin na masu gyaran jikin mota, aka fesa fenti. Na mayar da kuɗin cif. Uban bai ce mini uffan ba, wallahi shirun nan ya fi mini zagi ciwo.

Ga wanda ba ya harkar, bais shi ne ƙarfen nan mai baki biyu da ake ɗaurewa a kan tebur, yana riƙe aiki gam don a yanka, a goge ko a lanƙwasa. Haka 'yan'uwanmu na Najeriya ke kiransa. Makanikan Garwa kuwa eto suke cewa, daga Faransanci. Mai juyawa shi ne wanda ke zaune kan faifai, ka sassauta makullinsa ka juya shi inda kake so. Masu walda da masu gyaran babur sun fi nemansa, don rumfarsu ba ta da filin zagaye tebur.

Garwa ta tara tsofaffin nan ta hanya biyu. Na Faransa da Jamus sun shigo tun lokacin da jiragen ruwa ke hawo Binuwai da damina, daga baya kuma ta jirgin ƙasa, da layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, shekarar da aka kafa kamfanin auduga na Sodecoton. Gareji-garejin kamfanoni da na ma'aikatu su suka fi amfani da su, in an yi gwanjon tsofaffin kaya sai su faɗo kasuwa. Na Ingila kuwa ta Yola da Mubi suka ƙetaro. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, sabon kayan Turai ya fi ƙarfin ƙaramin mai sana'a, na Sin suka cika kasuwa. Ba na zaginsu, ina sayar da su, suna yin aikin kuɗinsu. Amma ka ɗaga su biyun masu faɗin baki ɗaya, hannunka zai gaya maka wanda aka yi wa rowar ƙarfe.

Sunan yana jiki, zubabbe. Record na birnin Sheffield ne, galibi shuɗi, kuma lambarsa tana nuna girmansa: lamba 3 bakinsa inci 4, lamba 6 inci 6. Waɗannan yawanci a kafe suke zuwa, sai in an sa musu faifai. Lamba 74 da 75 su ne masu juyawa tun daga masana'anta. Na Faransa za ka ga Dolex ko Sambre et Meuse. Heuer na Jamus ba zubi ba ne, ƙirarren ƙarfe ne, siriri amma ba ya karyewa da sauƙi, kuma faifansa daban ake sayarwa. Wilton na Amurka mai zagayayyen jiki sau ɗaya na taɓa riƙe shi. In ka zare shi gaba ɗaya, akwai kwanan wata a buge ta ƙasan jelarsa. Sai dai suna kaɗai ba hujja ba ne. Wanda ya kunyata ni na asali ne, ba jabu ba.

Bayan abin ya faru na kwashi ɓaraguzan na kai wa wani tsohon makaniki, wanda ya tsufa a garejin manyan motoci. Ya juya su ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, kai fenti ka saya." Shi ya zaunar da ni ya koya mini abin da nake yi har yau.

Da farko kunne. Rataye jikin bais ɗin da igiya, ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai ɗan ja, mai tsagu kuwa sai ka ji kamar ka bugi fasasshiyar tukunya. Sannan ka bi wuyan muƙamuƙi da maganaɗisu. Duk inda ya yi sanyin kamu, akwai foti a ƙarƙashi. In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, kankare fentin wurin, ka shafa kananzir, ka goge tas, ka barbaɗa garin alli. Bayan ɗan lokaci kananzirin da ya shige tsagun zai fito ya zana layi a kan allin, ko da tsagun bai kai kaurin gashi ba. Mai kayan da ya hana ka kankare fenti ya riga ya ba ka amsa.

Daga nan ka buɗe bakin har ƙarshe ka dubi zaren babban sukurun. In hannun yana yin kusan zagaye guda kafin bakin ya motsa, uwar sukurun da ke ciki ta cinye. Lanƙwasasshen hannu shaida ce an sha zura masa bututu don ƙarin ƙarfi, kuma wannan ɗabi'a ita ke kashe yawancinsu, ita da mayar da jelar bais maƙera. Kifa shi ka dubi zoben faifan da kunnuwan da ake ɗaurewa a tebur, nan ne raunin mai juyawa.

Kuɗi fa? Ni daga ƙasa nake farawa: nawa 'yan gwangwan za su biya a kilo, don da su nake gasa, kuma sun sha riga ni. Saman kuwa farashin sabon na Sin mai girmansa. Lafiyayyen tsoho ya cancanci ya kai nan, har ya wuce. Tsatsa ba ta rage masa komai a wurina. Cinyayyun haƙora ko lanƙwasasshen hannu, ragi kaɗan ne, ana gyarawa. Uwar sukuru da ta mutu, raba kuɗin biyu, don sai ka nemi mai injin sassaƙa ƙarfe. Tsagu a wuya ko a jela kuwa, kuɗin kilo ne kawai, sai in faifansa ko sukurunsa kake so don ka rayar da wani. Ana iya waldar ƙarfen zubi: a gasa shi tukuna, a yi da sandar walda ta nikel, a binne shi cikin toka ya huce a hankali. Ko an yi haka, sai na gaya wa mai saye, kuma ba na ba wa mai aiki mai nauyi.

Gyaran kansa haƙuri ne. Jiƙa shi da gas ko kananzir kwana biyu zuwa uku kafin ka taɓa noti ko ɗaya, kada ka tilasta abin da ya cije. Ƙananan sassa nakan jiƙa su a ruwan tsamiya kwana guda, in wanke, in busar nan take, in shafa mai. Sukuru a sa masa giris, amma jelar da ke waje ɗan bakin mai ya isa, don ƙurar hunturunmu in ta haɗu da giris sai ta zama kamar dutsen wasa. Haƙoran da suka sheme, maƙeri zai yanko maka wasu. Fenti shi ne na ƙarshe, ni ma na daina fesawa sai mai saye ya gani tsirara.

Abu ɗaya da ke cin mutane a wannan ɓangaren: ƙananan sukurorin da ke riƙe haƙoran na Ingila zaren inci ne, namu na kasuwar Garwa kuwa na milimita. Suna kama da juna, zagaye biyu na farko ma sai su shiga, na uku su cinye ramin. In ɗaya ya ɓace, aika Yola a nemo, ko a sake yanka zaren ramin gaba ɗaya.

Yaron nan yanzu magidanci ne, da yara uku a ƙarƙashinsa. Wata biyar bayan abin na samo masa Dolex baƙi ƙirin da tsatsa a kasuwar Lahadi ta Pitoa, na gyara, na kai masa ba fenti. Ubansa da kansa ya karɓi gudumar ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, sannan ya tambayi kuɗin.